Siririn Maratayi da Gaurakin Inna

Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni matashi ne sabon aure, mai ɗaukar hoto a Ƙaura Namoda, kuma in zan faɗi gaskiya, mutum ne ni mai son a kalle shi. Muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato a wancan zamani. Jirgin ƙasa yana zuwa har garinmu ya juya, shagonmu kuwa yana kan hanyar tasha, duk wanda ya sauka sai ya wuce ta gaban allon hotunanmu. Na koyi sana'ar a hannun wani dattijo Kirista mutumin kudu, wanda aikin reluwe ya kawo shi Ƙaura tun yana saurayi, daga baya ya bar aikin ya kama hoto, ya zauna har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa sak. Shekara bakwai ina ƙarƙashinsa. Hoton fasfo na maniyyata, hoton 'yan makaranta, hoton angwaye da na masu sababbin babura, duk na iya. Amma zuciyata ba ta nan. Ni burina in ɗauki abin da ba ya tsayawa ya gyara hula: tsuntsu a sama, hadari yana tasowa daga gabas, garken shanu yana ƙetare gulbi. Ina iya zama a ƙofar shago tun hantsi har azahar ina kallon shirwa tana shawagi, ina ɗaukar ta da ido kawai, don kamarar da muke aiki da ita ba ta kai can.

Da maigidana ya tsufa ya yi niyyar komawa garinsu, sai ya bar mini shagon. Ranar da zai tafi ya jawo wani akwati da ban taɓa ganin cikinsa ba, ya fito da kamara da wani dogon gilashi mai jawo nesa kusa. Tsawonsa ya kai kamu guda, nauyinsa kuwa ya kai na ɗan dutsen niƙa. Ya ce wani Bature mai duba dabbobi ne ya bar masa tun da daɗewa, shi bai cika amfani da shi ba, amma ya san ni zan yi. A jikin kamarar akwai maratayi siriri, faɗinsa bai wuce yatsa ba, baƙi, an rubuta sunan kamfani a jikinsa da ruwan ɗorawa. Maigidana ya kama shi da yatsu biyu ya ce mini wannan igiya an yi ta ne don kamara ita kaɗai da ƙaramin gilashinta. Ya ce in nemi baduku ya ɗinka mini mai faɗi, in ɗaure ta a zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin dogon gilashin, kada in ɗaure a kunnuwan kamarar, kuma kada in yarda in rataya wannan nauyi a wuya. Na ce to. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ya san irin wannan to ɗin nawa.

Ya kuwa san ni. Washegari na rataya ta a wuya yadda take, na hau babur. Rubutun nan mai ruwan ɗorawa shi ne ya ɗauke mini hankali, don in na shiga kasuwa sai in ji ana cewa ga ɗan jarida nan daga Kaduna. Ban taɓa gyara musu ba. Kasuwar Daji, Shinkafi, Badarawa, Sakajiki, babu inda ban kai kamarar nan ba, tana lilo a ƙirjina, duk ramin da babur ya faɗa sai ta fizgi wuyana. Amma da zarar na kafa ido a ramin leƙenta sai in manta da komai. Duniya takan zo mini kusa, shiru, kamar an ɗauke mata sauti. Ina tsaye a bakin hanya sai in ga gashin idon raƙumin da ke can ƙarshen kasuwa, in ga zufa tana gangarowa a wuyan mai huɗa a tsakiyar gona, in ga ƙwayar idon belbela a kan bayan saniya. Sai in ji kamar ba a ƙasa nake ba, kamar an ba ni aron idon wata halitta. Wanda bai taɓa leƙawa ba ba zai gane abin da nake nufi ba.

Mahaifiyata tana zaune tare da ni da matata. Inna muke ce mata, ita kuma Auta take ce mini don ni ne na ƙarshe. An haife ta a wani ƙauye can bayan Zurmi, a bakin wata fadama, aure ya kawo ta Ƙaura, kuma tun da ƙafafunta suka yi nauyi ba ta sake komawa ba. A lokacin idanunta sun fara dushewa. Ba ta gane mutum daga nesa, amma in ta zauna a ƙofar ɗakinta da hantsi tana iya tsince shinkafa tsaf, tana kuma gane fuskata in na durƙusa gaida ta. Mun shirya da an kawar da amfanin gona za mu kai ta Kano a duba idon. Wata rana da la'asar na zauna kusa da ita ina goge gilashin, sai ta tambaye ni ko abin nan nawa yana iya kamo gauraka. Daga nan ta shiga ba ni labari, idonta a sama. Ta ce suna yara, in damina ta ja baya, gauraki sukan sauko fadamarsu da sassafe su yi rawa. Ta ce tukkunsu kamar an tsefe zinariya, kumatunsu fari da ja, in suka buɗe fikafikai sai ka ce an shanya fararen zannuwa. Ita da ƙawayenta sukan aje tuluna su ɓoye a cikin ciyawa su yi ta kallo har a aiko neman su. Ta ce a duk abin da ta gani a duniya, shi kaɗai take son sake gani kafin idon ya rufe. Ban yi wani tunani ba na ce mata zan kawo mata su har ɗaki, manya, masu launi. Ta yi dariya ta ce Allah ya ba ni iko.

Gauraki sun riga sun yi wuyar gani a wancan lokaci. Damina biyu ina nema. Duk inda aka ce an ji kukansu sai na je, in tarar sun tashi, ko kuma in tarar ba su ba ne. Saboda neman nan har tafiyar Kano muka ɗaga sau ɗaya, Inna da kanta ta ce a bari in gama tukuna. A cikin wannan yawo ne wuyana ya fara ba ni labari. Da farko zafi ne kawai a ƙeya, in na kwanta ya lafa. Daga baya ya sauko kafaɗar dama. Sai na fara farkawa da safe in ji yatsuna biyu kamar ba nawa ba, sai na yi ta yarfe hannu kafin su dawo. Matata ce ta fara ganin layin da igiyar ta zana mini a bayan wuya, baƙi, ya yi kanta kamar wuyan san noma. Takan shafa mini man kaɗanya tana roƙona in naɗe igiyar ko da tsumma ne. Na ce mata tsumma zai rufe rubutun. Yau in na tuna da wannan amsa sai in rasa inda zan sa kaina.

Wata ranar kasuwar Shinkafi na ratsa ta rumfar dukawa, sai wani tsohon baduku ya yafito ni. Yana zaune a kan buzu, gabansa jajayen fatu da linzamai da kube, gefensa wata ganga da aka kawo a sake mata maratayi. Na zata hoto yake so. Sai ya ce in sunkuyo. Ya sa hannu ya ɗaga gilashin ya ji nauyinsa, ya zura yatsa tsakanin igiyar da wuyana, ya girgiza kai. Ya nuna mini gangar nan ya ce in duba faɗin maratayinta, alhali ba ta kai kayana nauyi ba, kuma makaɗi ba ya rataya ta a wuya, a kafaɗa yake saɓa ta. Ya ce zai yanka mini fata mai faɗin tafin hannu, ya ninka, ya cusa auduga a inda za ta zauna a kafaɗa, ta ratsa ƙirji ta sauka a kwiɓi yadda maharbi yake rataya kwari, kafin la'asar ya gama. Na ce masa wannan igiya daga Turai ta zo, injin ne ya saƙa ta, ba ta tsinkewa. Ya ɗago ya dube ni, basilla a hannunsa. Ya ce, “Ɗana, ni ban ce ita za ta tsinke ba. Kai za ka tsinke.” Waɗanda ke rumfar suka yi dariya. Dariyar nan ce ta ɓata mini rai, na juya na tafi ko sallama ban yi masa ba.

Ba a yi wata guda ba wani makiyayi da na saba da shi a Kasuwar Daji ya gaya mini ya ga gauraki sun fi ashirin a wata fadama gabas da Zurmi, ba nisa da ƙauyen su Inna. Ran nan na kama hanya. Babur ya kai ni inda zai iya, na bar shi a gidan wani dangin Inna na kwana a can, da aka sallame asuba na shiga daji da ƙafa. Maɗorin kamara mai ƙafa uku na katako ne, mai nauyi, na baro shi a shago don wuyana ba zai ɗauki kaya biyu ba. Tafiyar ta fi yadda aka kwatanta mini. Raɓa ta jiƙa ni har ƙugu, laka tana riƙe takalmi, gilashin nan yana dukan ƙirjina yana jan wuyana ƙasa. Tun kafin in kai rabi igiyar ta fasa fata, ina jin ɗumin jini yana bin bayan rigata. Hannuna na dama kuwa ya mutu tun daga kafaɗa. Amma ban tsaya ba, don na fara jin kukansu daga nesa, wani irin kuka mai zurfi kamar ana busa ƙaho a ƙarƙashin ruwa.

Na isa gari yana wayewa. Hazon ruwa ya kwanta a kan fadamar, fari, ya rufe ciyawa, sai na ga tsuntsayen kamar a kan gajimare suke tsaye. Na durƙusa a bayan wani suri. Rana ta leƙo, haskenta ya fara taɓa tukkunsu ɗaya bayan ɗaya, kamar wani ne yake bi yana kunna fitilu. Biyu suka fito tsakiya suka sunkuyar wa juna da kai, suka buɗe fikafikai, suka yi tsalle sama, suka sauko a hankali kamar ba su da nauyi. Sai sauran suka ɗauka. Fadamar duka ta koma fari da baƙi da zinariya, tana tashi tana sauka. Na ga yarinyar da Inna ta kasance, a ɓoye cikin ciyawa, tulunta a gefe. Wallahi na ji kamar tana kusa da ni. Na ɗaga kamara. A nan ne na ga abin da na yi wa kaina. Hannuna na dama rawa yake yi, ba na jin maɓallin a ƙarƙashin yatsana, wuyana kuma ya ƙi miƙewa in kafa ido sosai. Dogon gilashi kuwa ba ya yafe ko numfashi, motsi kaɗan a hannu, a can nesa ya zama girgizar ƙasa. Na ɗora shi a kan surin, na cije leɓe, na yi ta latsawa har fim ya ƙare. A zuciyata na ce a cikin waɗannan duka ai ba za a rasa ɗaya ba.

Da na dawo gida ban iya riƙe bakina ba. Na gaya wa Inna, na gaya wa maƙwabta, na gaya wa duk wanda ya shigo shago. Inna ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka, ta sa aka yi waina aka raba. A lokacin hoto mai launi sai an kai Kano ake wanke shi, saboda haka na ba wani direba fim ɗin. Kullum da safe in na je gaida ta sai ta tambaya ko gaurakinta sun iso. Ranar da ambulan ɗin hotunan ya zo, a tashar mota na buɗe shi, a tsaye, rana tsaka. Na duba na farko, na biyu, na uku, har na ƙarshe. Babu ko ɗaya. Duk hayaƙi ne, fari da toka da wani jirwaye mai ruwan ɗorawa, kamar an shafa hannu a kan ɗanyen fenti. Na zauna a kan wani benci. Na yi tunanin komawa, amma makiyayin ya riga ya gaya mini sun tashi, ga shi hannuna ko cokali ba ya riƙewa da kyau.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta wannan wasiƙa. Na zaɓi wanda ya fi dama-dama, na mayar da shi Kano na ce a buɗa shi ya yi girma. Na ce wa kaina ai idon Inna ya riga ya dushe, ba za ta bambance ba, za ta ga launi ta cika sauran da abin da ke zuciyarta. Da aka buɗa shi sai ya ƙara lalacewa. Matata ta gani ta ce mini kada in kai, in je in gaya wa Inna gaskiya, uwa ce, ba za ta ƙi ni don hoto ba. Na ce mata ita ba ta san aikin hoto ba. Na sa shi a firam mai gilashi, na kai wa Inna da hantsi, tana ƙofar ɗaki da faifan shinkafa a cinya. Ta aje faifan, ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu. Ta kawo shi kusa da fuska. Ta matsar da shi nesa. Ta juya wajen rana. Ta goge idonta da gefen mayafi ta sake dubawa. Ta ce, “Auta, ya yi kyau?” Na ce, “Ya yi kyau ƙwarai, Inna.” Ta ce, “Har tukkun ya hito?” Na ce har tukkun. Sai ta ce a hankali, “Ni ba ni ganin komi sai hayaƙi. Ashe idanun sun tahi ban sani ba.” Na buɗe baki, maganar tana kan harshena. Na rufe.

Tun daga ranar Inna ta daina tsintar shinkafa. Ta ce kada ta ba mutane tsakuwa su ci. Ta daina fitowa ƙofar ɗaki da hantsi, ta koma zama a ciki, ta fara laluben bango a inda da take tafiya kai tsaye. Hoton ta sa aka rataya mata a saman gado, duk wadda ta zo gaida ta sai ta ce ta duba gaurakin da Auta ya ɗauko mata. Matan unguwa sukan duba, su dubi matata, su ce masha Allah, ya yi kyau, don ba mai son ya kunyata ni a gaban uwata. Haka ƙaryata ta samu masu taya ta ba tare da na roƙi kowa ba. Da lokacin tafiya Kano ya zo Inna ta ce ba za ta je ba. Ta ce idon da ya kasa ganin hoto mai girman faifai a kan hancinsa, mi likita zai yi mai? A bar ta ta ƙarasa kwananta ba tare da an jijjiga ta a mota ba. Na yi ta lallashi, amma abu ɗaya da zai sa ta yarda shi ne na kasa faɗa.

Ni ma ban daɗe a tsaye ba. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki buta, sai na ji kamar an soka mini wuta daga ƙeya har yatsu, na kasa ɗagowa. Aka kai ni asibiti a Gusau. Likitan ya duba layin da ke wuyana ya tambaye ni abin da nake ɗauka. Da na gaya masa ya ce nauyin da jijjigar babur sun sa ƙashin wuya ya danne jijiyar hannu, ya sa mini wani abin ɗaure wuya, ya ce in manta da kamara da babur sai yadda hali ya yi. Watanni na yi a kwance a gida, shago a rufe. Ɗakina yana kallon na Inna. Ina kwance ina jin tafin hannunta yana bin bango, ina jin tana tambayar matata ko rana ta fito, alhali hasken yana kan zanenta. Takan lalubo har inda nake ta zauna ta dafa goshina tana yi mini addu'a. Ciwon wuyan bai kai wannan zafi ba.

Sai da shekara ta kusa zagayowa na iya faɗa. Ran nan da yamma ta zo ta zauna kusa da ni, na kama hannunta na gaya mata komai: igiyar, gargaɗin maigidana, maganar baduku, rawar hannuna, ambulan a tasha, har abin da na ce wa kaina kafin in kawo mata. Na ce mata hoton ne hayaƙi, ko mai ido huɗu ba zai ga gauraka a cikinsa ba. Ta zare hannunta daga nawa. Ta tashi ta lalubi hanya ta koma ɗakinta. Kwana biyu in na aika a gaida ta ba ta amsawa. A na uku ta dawo ta zauna a inda ta saba. Ba ta yi maganar yafiya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Amma kai ka gan su da idonka?” Na ce na gan su. Ta ce, “To, hwaɗa man.” Na fara tun daga raɓa da hazon ruwa, na gaya mata yadda rana ta kunna tukkunsu, da yadda biyun farko suka sunkuya wa juna. Ta rufe ido tana gyaɗa kai. Da na tsaya ta ce na manta abu ɗaya, ai sukan tsinci ɗan kara su jefa sama su cafe. Na ce haka ne, sun yi. Ta yi murmushi ta ce to su ne, ba su canja ba. Sa'an nan ta ce in sa a sauke mata hoton nan daga bango, kuma in na warke mu tafi Kanon.

Mun je. Likitan ido ya ce ba yanar ido ce kaɗai ba, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi a gefe ko da mun zo bara da an ceto wani abu. Ya ce wataƙila, Allah ne masani. Wannan wataƙila ita nake ɗauke da ita har yau. Ya ba da maganin ɗigawa, ta ɗan riƙe sauran hasken na wani lokaci, daga baya ya tafi gaba ɗaya. Da na samu sauƙi na koma Shinkafi na durƙusa gaban tsohon badukun. Bai tuna mini da komai ba, sai ya ce in tsaya ya auna. Ya ɗinka mini yadda ya faɗa tun farko, ya ɗaure a zoben gilashin. Da na saɓa shi na ji kayan nan sun kwanta a kwiɓina kamar ba su ba, hannuwana biyu a sake, wuyana babu komai, sai ƙwalla ta cika mini ido a tsakiyar kasuwa. Abin da zai raba ni da wannan wahala duka tun farko bai wuce zaman wuni ɗaya a rumfar nan ba. Bayan damina uku na sake samun gauraki, biyu kacal, a wata fadama ta wajen Badarawa, na ɗauke su tar, har ana iya ƙirga silin tukkunsu. A lokacin Inna ba ta bambance dare da rana. Ta rasu bayan nan da shekara biyu. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.

Yanzu da aka ba mu jiharmu ta Zamfara ina ganin samari da yawa sun shigo sana'ar nan, suna bin taruka da manyan gilasai a wuya, suna tafe a sunkuye ba su sani ba. Su nake wa magana. Kada ku zaɓi maratayi don rubutun da ke jikinsa. Ku nemi mai faɗi, mai laushi a inda zai zauna, wanda zai ratsa kafaɗa da ƙirji ya bar wuya ya huta. In gilashin ya fi kamarar nauyi, a jikinsa za ku ɗaure. Ku saɓa shi ku yi tafiya da shi kafin ku ce ya yi, don igiyar da ba ta ciwo a shago tana iya yanka a daji. In kun ji yatsa ya fara mutuwa, ku sauke kayan a ranar, kada ku jira gobe. In kuma wani dattijo da bai taɓa riƙe kamara ba ya ce ku sunkuyo ya duba, ku sunkuya, ya daɗe yana ganin abin da nauyi yake yi wa jiki.

Abu na biyu ya fi wannan girma, kuma ba na masu hoto ba ne kaɗai. In aikinka ya lalace, ka ce ya lalace. Kada ka miƙa shi ga wanda ya yarda da kai ka bar shi ya ɗora laifin a kan kansa. Ni na ɗauka raunin idon Inna zai rufa mini asiri, ban san ina ƙwace mata ɗan hasken da ya rage mata ba ne. Wuyana bai koma daidai ba har yau, ba ya juyawa dama. In na zo sallame salla sai na juya da kafaɗuna gaba ɗaya, wani lokaci har na kusa da ni a sahu ya zata wani abu nake nema. Sau biyar a rana nake tunawa, kuma ban taɓa roƙon Allah ya ɗauke mini wannan ba.